Alkawarin soja a teburin ciniki: daga Kukawa zuwa Agadas da Tafkin Cadi

A ƙarshen watan Maris na 2025 rundunar sojan Nijar ta sanar a gidan talabijin na ƙasa cewa ta fice daga rundunar haɗin gwiwar ƙasashen yankin Tafkin Cadi, wadda ake kira FMM a nan gida, a Najeriya kuma MNJTF. Sanarwar ta ce dakarun da ke jihar Diffa za su ci gaba da aikinsu da sabon suna, Nalewa Dole, kuma za a ƙara ƙarfi wajen tsaron wuraren man fetur.

Ga mazaunin Yamai, wanda sama da kilomita 1,300 suka raba shi da Diffa, wannan na iya zama labari ɗaya cikin labaran mako. Ga mutumin Damagaram kuwa zancen maƙwabta ne. Hanyar da ta tashi daga nan ta bi Mirriya, Gure, Gudumariya da Maine-Soroa ita ce ke kawo mana tattasai da bandar kifi, kuma ita ce ta kawo mana iyalan da suka tsere a watan Fabrairu na 2015 lokacin da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Duk abin da ya sassauta tsaro a bakin kogin Komadugu, ba da jimawa ba ake jin sa a kasuwar Dole da tashoshin motar garin nan.

Ficewar ba ta zo ita kaɗai ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, kusan duk wata rigima tsakanin Nijar da ƙasashen waje a kan soja ta tsaya: wa zai zauna, wa zai tafi, wa zai kawo ɗauki, kuma da wane sharaɗi. Alkawarin tsaro, wanda a da ake ɗauka amana ce tsakanin ƙawaye, ya koma abin da ake ɗorawa bisa tebur a yi ciniki da shi. An gwada wa Nijar wannan dabara, ta ƙi. Abin tambaya yanzu shi ne ko ita ma za ta ci riba idan ta gwada wa maƙwabtanta.

Yadda cinikin yake

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ƙasa mai ƙarfi ta girke sojojinta a ƙasar ƙawarta, ko ta yi alkawarin kare ta, ko tana ba ta makamai da bayanan leƙen asiri. Ranar da saɓani ya taso a kan wani abu dabam, kamar kasuwanci, ma'adinai, zaɓe ko sabon aboki, sai ta ce ko a yi abin da take so ko ta janye hannunta. Ƙaramar ƙasa ma tana da nata abin riƙo: filin da sansanin yake a kai, sararin samaniyarta, da sojojin da take bayarwa a aikin haɗin gwiwa.

Manyan ƙasashe sun daina ɓoye wannan. A watan Fabrairu na 2024, yana yaƙin neman zaɓe, Donald Trump ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai kare ƙasar da ba ta kashe abin da ya kamata a kan tsaro ba a cikin ƙungiyar OTAN, wato NATO. Da ya koma mulki, ƙasashen ƙungiyar suka amince a taronsu na watan Yuni na 2025 su kai abin da suke kashewa kan tsaro da abubuwan da suka danganci shi kashi 5 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa. A watan Maris na wannan shekarar Amurka ta dakatar da ba Yukren makamai da bayanan sirri na ƴan kwanaki, ba ta maido ba sai da Yukren ta amince da tayin tsagaita wuta a tattaunawar Jidda.

A waɗannan wurare biyu matsin ya yi aiki saboda dalili ɗaya: wanda aka matsa wa ba shi da wani wurin da zai samu irin abin da ake shirin hana shi. Wannan shi ne sharaɗin farko. Na biyu, dole wanda ake yi wa barazana ya yarda cewa kariyar tana da amfani a gare shi. Na uku, dole mai barazanar ya iya jure asarar da shi kansa zai yi idan aka ce masa ya tafi. In ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, barazanar kan koma kan mai ita. Tarihin garin nan ya nuna haka tun kafin zuwan Nasara.

Damagaram da Barno

A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suna ƙarƙashin inuwar Barno. Suna aika gaisuwa Kukawa, Shehu kuma yana tabbatar da wanda ya hau gado, yana kuma zama garkuwa a idon sauran masarautu. Wannan inuwa ita ce sandar da Barno ke riƙe da ita: wanda ya ƙi biyayya a tuɓe shi ko a turo masa runduna.

A 1846 Shehu Umar ya ɗaga sandar. Ya tura rundunarsa yamma domin ladabtar da Damagaram. Mai Ibrahim na tsohon gidan sarautar Saifawa ya ga gida ya zama babu mai tsaro, ya gayyato sarkin Wadai, aka afka wa Barno, aka yi wa Kukawa ɓarna. Shehu Umar ya tsira da mulkinsa, amma ya ga abin da ke faruwa idan aka kwashe soja daga inda ake bukatarsa domin a tanƙwara na ƙasa.

Sarki Tanimun, wanda ya daɗe bisa gado daga 1851 zuwa 1884, ya ɗauki wata hanya. Bai yanke hulɗa da Kukawa ba. Ya gina ganuwar Birni, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin gari, ya riƙe hanyar fatake ta Sahara. Ya shimfiɗa ikonsa kan ƙasashen Sosebaki irin su Mirriya, Dungas da Wacha, ya kai hannu har Muniyo wadda ita ma ta Barno ce. Da ƙarfinsa ya kai, barazanar Shehu ta rage nauyi da kanta, ba tare da an yi shelar rabuwa ba.

Ƙarshen labarin ma yana da nasa darasi. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa, inuwar Barno ta gushe gaba ɗaya. A 1898 kyaftin Cazemajou na Faransa ya sauka Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe. Cikin dalilan da masana tarihi ke kawowa na kashe shi a watan Mayu na wannan shekara akwai tsoron kada Faransa da Rabe su ƙulla ƙawance su sa Damagaram a tsakiya. A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka gwabza a Tirmini. Sarki Amadu Kuran Daga ya fuskanci bindigogin Faransa ba tare da wata masarauta ta kawo masa ɗauki ba, domin a shekarun nan yana cikin yaƙi da Kano, Barno kuma tana hannun Rabe. Aka ci garin, aka kashe shi a watan Satumba. Wanda Faransawa suka ɗora a madadinsa, Amadu Ɗan Basa, su ne kuma suka tuɓe shi a 1906 bisa zargin shirya musu tawaye.

Abu biyu ke nan daga gida ɗaya. Kariyar da wani ke riƙe da igiyarta ba taka ba ce, zanen aro ne da ba ya rufe katara. Amma wanda ya ɓata da dukan maƙwabtansa, ranar wuya shi kaɗai zai tsaya.

Diori da yarjejeniyar 1961

Bayan samun ƴancin kai an maimaita darasin farko. A ranar 24 ga Afrilu na 1961 Nijar, Kodebuwa da Dahomey suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A cikinta an haɗa zancen soja da zancen ma'adinai masu muhimmanci ga tsaro, har da uraniyom, aka ba Faransa fifiko a kansu. Tun daga rubutun, kariya da ciniki a takarda ɗaya suke.

A 1964 sojojin Faransa sun maido da shugaba Léon Mba na Gabon kan kujerarsa bayan an kifar da shi. A farkon 1974 shugaba Diori Hamani yana matsa wa Faransa ta ƙara kuɗin uraniyom, ƙasa kuma tana cikin yunwa. A ranar 15 ga Afrilu sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi, dakarun Faransa da ke Yamai ba su motsa ba. Har yau ana muhawara kan dalili, musamman da yake shugaba Pompidou ya rasu makonni biyu kafin nan. Abin da ba a muhawara a kai shi ne cewa mai alkawarin ne ya zaɓi inda zai cika shi da inda ba zai cika ba. Kountché kansa bai jima ba ya sallami sojojin Faransa daga ƙasar.

Faransa da Amurka: sandar da ta karye

Shekaru kusan hamsin bayan haka, Nijar ta zama matattarar sojojin ƙasashen yamma a Sahel. Bayan an kore su daga Mali da Burkina Faso, Faransa tana da soja kimanin 1,500 a nan. Amurka tana da wajen 1,000, a sansani na 101 da ke Yamai da na 201 da ke Agadas, wanda gininsa ya ci dala miliyan 100 da ɗoriya, inda jirage marasa matuƙa ke tashi suna sa ido kan Sahel da kudancin Libiya.

Da aka kifar da shugaba Mohamed Bazoum, Faransa ta dakatar da aikin soja da taimakon kuɗi, ta ƙi amincewa da sababbin hukumomi. Majalisar CNSP ta mayar da martani a ranar 3 ga Agusta na 2023 da soke yarjejeniyoyin soja da ke tsakaninsu. Paris ta ce waɗanda suka soke ba su da hurumi, ta yi ta jan ƙafa har ranar 24 ga Satumba, lokacin da Emmanuel Macron ya sanar da janye jakada da sojoji. Na ƙarshensu sun tashi ranar 22 ga Disamba.

Amurka ta bi a hankali. Sai ranar 10 ga Oktoba ta kira abin da ya faru juyin mulki, wanda bisa dokarta ya tilasta dakatar da taimako na kusan dala miliyan 200. Ta bar sojojinta a sansani, amma ta tsayar da aikin haɗin gwiwa da dakarun Nijar. A tsakiyar watan Maris na 2024 tawagarta ta zo Yamai, da Molly Phee mai kula da harkokin Afirka a ma'aikatar harkokin waje, da janar Michael Langley kwamandan rundunar AFRICOM. Saƙonsu shi ne za a maido da taimakon soja idan aka sa ranar komawa mulkin farar hula, aka kuma yi hattara da Rasha da Iran.

Ranar 16 ga Maris kakakin CNSP, kanal Amadou Abdramane, ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar 2012 da ta ba sojojin Amurka damar zama, yana zargin tawagar da raini da barazana. Daga baya Faraminista Ali Mahaman Lamine Zeine, wanda haifaffen Damagaram ne, ya shaida wa jaridar Washington Post cewa an yi musu barazanar takunkumi idan suka sayar wa Iran uraniyom, kuma sojojin Amurka suna zaune a ƙasar ba sa taɓuka komai alhali ana kashe mutane. Jami'an Amurka suka ce zaɓi suka gabatar, ba wa'adi ba. Ko ma wanne ne, a watan Afrilu masu horar da soja daga Rasha suka sauka Yamai, Amurka ta miƙa sansanin Yamai a watan Yuli, na Agadas ranar 5 ga Agusta, ta kammala ficewa a tsakiyar Satumba.

In aka auna da sharuɗɗa ukun nan, za a ga inda lissafin ya kuskure. Nijar tana da wasu ƙofofi: Rasha, Turkiyya, Iran da Sin. Jama'a da yawa ba su yarda kariyar tana amfanarsu ba, domin sojojin waje suna nan aka kashe soja 71 a Inates a watan Disamba na 2019, da 89 a Chinagodar wata ɗaya bayan nan. Sannan Amurka ta fi bukatar Agadas fiye da yadda ta nuna, tun da babu wani wuri kusa da zai ba ta irin wannan gani. Kuma tun ranar da ta dakatar da taimakon, ta riga ta kashe abin da take barazana da shi. Wanda aka riga aka hana abu, ba a tsorata shi da cewa za a hana shi.

Sai dai gaskiya ba ta tsaya nan ba. Tafiyar sojojin waje ba ta kawo ƙarshen kashe-kashe ba. A ranar 21 ga Maris na 2025 an kashe mutum 44 a masallacin Fambita da ke jihar Tillaberi, bisa alƙaluman gwamnati. Nijar ta yi nasara a gardamar ikon kai, amma giɓin jiragen sa ido da bayanan sirri giɓi ne na gaske, kuma sojanmu da talakan ƙauye ne ke cike shi da jininsu.

CEDEAO da AES

A rikicin da ƙungiyar CEDEAO an ga fuska biyu ta wannan al'amari. Ranar 30 ga Yuli na 2023 shugabannin ƙungiyar suka ba da wa'adin mako guda a maido da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar lantarki. Damagaram da Maradi, waɗanda layin Katsina zuwa Gazawa ke ba wuta, sun sha duhu, kasuwannin Magariya da Matamai da ke rayuwa da Daura da Kano suka yi sanyi.

Washegari Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar da yaƙi ya taɓa su. A nan alkawarin soja ya yi aikin garkuwa, ya ƙara wa masu niyyar kai hari nauyin lissafi. Amma ba shi kaɗai ya hana yaƙin ba. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, malamai da sarakunan arewa suka tashi tsaye. Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin tsohon Sarkin Kano ne, ya gana da janar Abdourahamane Tiani a Yamai tare da Sarkin Damagaram Aboubacar Sanda Oumarou, a daidai lokacin da manyan tawagogi ke komawa ba su ga kowa ba. Zumuncin Kano da Damagaram ya buɗe ƙofar da wa'adi ya kasa buɗewa. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu na 2024 ba tare da ta samu abin da ta nema ba, ƙasashen uku kuma suka fice daga cikinta.

Ranar 16 ga Satumba na 2023 aka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma da ta kafa ƙawancen AES, wadda ta ce hari kan ɗaya hari ne kan duka. A watan Janairu na 2025 ministan tsaro janar Salifou Mody ya sanar da shirin rundunar haɗin gwiwa mai soja 5,000. Wannan yana da ma'ana a yankin iyakoki uku, inda Tillaberi ke haɗe da Mali da Burkina. Amma a duba taswira. Mali da Burkina suna yamma. Babu ɗayansu da ke da ko taku ɗaya na iyaka da Diffa ko Damagaram. A gabas, maƙwabtanmu Najeriya ce da Cadi, kuma ba yarjejeniyar da za ta sauya wannan.

Tafkin Cadi, inda kowa ya taɓa jan igiya

An farfaɗo da rundunar FMM a 2015, da hedkwata a Njamena, da shiyyoyi huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Cadi, ɗaya a jihar Borno ta Najeriya, da Diffa. Amfaninta a fili yake. Mayaƙan Boko Haram da na ISWAP suna kai hari a wannan gaɓa su tsallaka waccan, Komadugu kuma da rani ba ya hana kowa wucewa. Rundunar ita ce ta ba sojan wata ƙasa damar bin su ƙetaren iyaka da musayar labari. A watan Maris na 2015 sojojin Nijar da na Cadi ne suka ƙwato Damasak, garin da ke cikin Najeriya. Bayan harin Bosso na watan Yuni na 2016, Cadi ta turo dakaru masu yawa suka taimaka.

Cadi ce kuma ta fara nuna yadda ake ciniki da wannan taimako. A watan Satumba na 2017 gwamnatin Trump ta sa Cadi cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga Amurka. Njamena ta yi gargaɗin cewa matakin zai iya shafar alkawuranta na tsaro. Cikin makonni kaɗan ɗaruruwan sojojinta suka bar jihar Diffa, ba tare da an bayyana dalili a hukumance ba. A watan Afrilu na 2018 aka cire Cadi daga jerin. Rigimar tsakanin Njamena da Washinton ce, amma ƙauyukan da aka bari babu soja na Nijar ne. Idriss Déby ya sake yin irin wannan magana a 2020 bayan kashe masa soja kusan ɗari a Bohoma, ɗansa Mahamat Déby ma ya yi barazanar ficewa daga rundunar a watan Nuwamba na 2024 bayan harin Barkaram.

Nijar ta ja baya daga ayyukan rundunar tun lokacin takunkumi, abin da ba shi da wuyar fahimta: ba ka haɗa sansani da wanda ke shirin kawo maka yaƙi. A ƙarshen watan Agusta na 2024 babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, janar Christopher Musa, ya zo Yamai ya gana da janar Moussa Salaou Barmou, aka sanar cewa Nijar a shirye take ta koma aiki sosai. A watan Disamba janar Tiani, cikin hirar da ya yi da harshen Hausa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa domin dagula Nijar, Abuja ta musanta. Wata uku bayan nan aka fice.

Hujjar da soja suka bayar tana da tushe. Rijiyoyin Agadem suna jihar Diffa. Matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana tana arewa da garin nan. Bututun da ke kai ɗanyen mai gaɓar tekun Benin ya kusa kilomita 2,000, kuma a watan Yuni na 2024 an fasa shi a gundumar Tesker ta jihar Damagaram, ƴan tawayen FPL suka ɗauki alhaki. Ƙasar da kuɗin shigarta ya rataya a kan mai dole ta tsare shi, soja kuma ba su da yawan da za a ce ko'ina an wadata.

Amma in ficewar saƙo ce ga Abuja, sai a auna ta da ma'aunin da aka auna Amurka. Shin Najeriya za ta rasa abin da ba ta da madadinsa? Za ta rasa wani abu, domin arewacin Borno zai zama da ƙofa a buɗe. Shin Nijar za ta iya jure tata asarar? A nan ne matsalar take. Amurka da ta bar Agadas ta koma gida, teku ya raba ta da Sahel. Nijar ba ta da inda za ta koma ta bar Komadugu. Ƙofar da aka bari a buɗe domin maƙwabci ya ji sanyi, ta ɗakinmu ce ita ma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu ɗauke da makamai a tsibiran tafkin sun fi kowa sanin inda sojojin ƙasashe biyu suka daina magana da juna.

Abin da ya kamata a raba

Akwai bambanci tsakanin ƙawancen nesa da na maƙwabtaka. Na nesa zaɓi ne: ana shiga, ana fita, ana sauya Faransa da Rasha ko Amurka da Turkiyya, kuma kowanensu da bukatarsa ya zo. Wanda ya ƙi sharaɗin Washinton ya kamata ya tambayi abin da Mosko ko Ankara ke so a madadin nasu taimakon, domin ranar saɓani su ma igiyar za su ja. Na maƙwabtaka kuwa ba zaɓi ba ne. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma gwamnatoci za su zo su wuce ta tana nan.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da mutanen gabas shi ne a cire tsaron Tafkin Cadi daga cikin kayan ciniki. In sunan FMM ne ko masu ba ta kuɗi daga Turai ke damun hukumomi, ana iya ƙulla wata yarjejeniya kai tsaye da Najeriya da Cadi a kan abubuwa uku: musayar labari tsakanin kwamandojin Diffa da na Borno, izinin bin maharan ƙetaren kogi, da sanar da juna kafin a kwashe soja daga wani wuri. Hanyar tana nan. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, mazauninta a Yamai yake, kuma ziyarar da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya kawo wa takwaransa Bakary Yaou Sangaré a watan Afrilu na 2025 ta nuna ana iya zama. Ita ma Abuja tana da nata nauyi: wanda ya taɓa kashe wa maƙwabci wuta domin siyasa, sai ya yi aiki kafin a sake yarda da shi.

Game da sababbin ƙawaye kuma, ƴan ƙasa suna da haƙƙin sanin abin da aka sa wa hannu. Babban zargin da CNSP ta yi wa yarjejeniyar 2012 shi ne cewa an ƙulla ta ba tare da an tuntuɓi wakilan jama'a ba. Wannan ma'auni ya kamata ya hau kan duk wadda ta biyo bayanta: me aka ba mu, me muka bayar, an haɗa ta da uraniyom ko mai ko zinariya, kuma yaya ake fita.

Tanimun bai kai inda ya kai da shelar rabuwa ba. Ganuwa ya gina, ya zuba igwa, ya bar hanyar Kukawa a buɗe har ranar da ba ya jin tsoron a rufe ta. Ƙarfin soja na gida shi ne kaɗai ke rage wa mai barazana ƙarfi, kuma gina shi yana ɗaukar shekaru da kuɗi. Kafin a kai can, manomin tattasai na bakin Komadugu da direban da ke ɗauko kayansa zuwa Damagaram suna bukatar sojan wannan gaɓa da na waccan su ci gaba da ɗaga wa juna waya, ko da shugabanninsu ba sa ga maciji.